Hukuncin Sana'ar Wasan Kwaikwayo da Fitowa a Matsayin Boka

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ni matashi ne daga Unguwar Rogo a Jos. Tun ina sakandare nake wasan daɓe, yanzu kuma an ba ni gurbi a wani shirin talabijin mai dogon zango, inda zan fito a matsayin boka. Mahaifina ya ce sana'ar maƙaryata ce. Kuɗin da zan samu halal ne?

Amsa: Bismillah. Ɗana, malamai sun yi saɓani a kan asalin wannan sana'a. Shaikh Bakr Abu Zaid yana cikin waɗanda suka haramta ta, saboda suna ganin ƙarya ce da kwaikwayon mutane. Shaikh Ibn Usaimin da Shaikh Yusuf Alƙaradawi sun halatta bisa sharuɗɗa, kuma nan na karkata. Ƙarya ita ce ka sa mutum ya gaskata abin da ba haka yake ba, shi kuwa mai kallo ya san wasa ne tun kafin ya zauna. A hadisin Bukhari da Muslim, mala'ika ya je wa kuturu da mai sanƙo da makaho a siffar mabuƙaci don a jarraba su, kuma Annabi (SAW) ya ba mu labarin don mu wa'aztu.

To amma ka riƙe wannan da kyau: labarin ne kawai ƙagagge, harshenka da hannunka na gaske ne. Idan ka riƙe hannun matar da ba muharramarka ba a gaban kyamara, ka riƙe ɗin. Idan ka sa zane da ɗankwali kana rangwaɗa, la'anar da ta zo a Bukhari kan namiji mai kamanta kansa da mata ba ta ware ɗan wasa ba. Haka raha da aibin wata ƙabila ko nakasassu, aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta hana. Fitowa a matsayin wani Annabi ko Sahabi kuwa, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, wato Ƙungiyar Musulmi ta Duniya da ke Makka, ta haramta.

Batun boka shi ya fi damuna. Nuna wa jama'a yadda bokaye ke raba aure da cinye dukiyar bayin Allah aiki ne mai kyau, muna ma buƙatarsa ƙwarai. Amma kada bakinka ya kira aljani da neman agaji, kada ka yi sujada ga tsafi, kada a yanka dabba da sunan wanin Allah. Aya ta 65 da 66 ta Suratut Tauba sun nuna cewa "wasa muke yi" bai zama uzuri ba ga masu izgili da addini. Ka karɓi rubutun shirin ka karanta tun kafin ka sa hannu a yarjejeniya. Darakta mai basira zai iya nuna mugun aikin boka ba tare da an furta shirka ba. In ya ƙi gyarawa, ka haƙura da gurbin. Jos ce mazaunin Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979, da makarantarta ta koyar da fim, hanyoyin aiki ba su ƙare a kan wannan ba.

Idan ka kiyaye waɗannan, kuma ɗaukar shiri bai sa ka fitar da salla daga lokacinta ba, ladan aikinka halal ne.

Shi kuma Baba, tsoro yake ji maka, kuma yana da dalili. Ka je da wani malami da yake girmamawa a yi masa bayani. In ya dage, ka dakata har ya aminta, domin yi masa biyayya wajibi ne, wasan kuwa halal ne kawai. Wallahu a'alam.