Fata Ta Tsage a Tsakanin Mazaunai: Wane Magani Zan Saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni direban Adaidaita Sahu ne a Kano, nakan wuni a zaune. Tun da zafin bana ya kankama, fatar tsakanin mazaunaina ta yi jawur tana ƙaiƙayi, yanzu har ta tsage, in gumi ya taɓa sai raɗaɗi. Mai kemis ya ba ni wani mai, wai "haɗin uku". Na shafa abin ya lafa, ina dainawa ya dawo ya fi na da. Abokina ya ce basir ne, in sayi jiƙo. Wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Na ji daɗi da kunya ba ta hana ka tambaya ba, don da yawa sukan ɓoye wannan ciwo har ya ci jiki.

A yadda ka bayyana, bai yi kama da basir ba. Mu dai duk abin da ya fito a wajen nan basir muke ce masa. Naka ciwon fata ne: fata tana gugar fata, ga gumi, ga kujerar leda da ta sha rana, iska kuwa ba ta ratsa wurin. Fata ta jiƙe ta yi laushi, sai ta dare. Sau da yawa ƙwayar cutar da ake kira fangas takan samu wurin zama, ita ke kawo ƙaiƙayin.

Wancan man, juya kwalinsa ka karanta. In ka ga betamethasone ko clobetasol, ajiye shi. Sinadarai ne masu ƙarfi da ke kashe ja da ƙaiƙayi cikin kwana biyu, mutum ya ɗauka ya warke, alhali sun rage wa fatar ƙarfin kare kanta. Daɗewa a kansu yana sa fata ta yi siriri, ta riƙa tsagewa da abu kaɗan. Raina yakan ɓaci in na ga ana miƙa wa mutane su kamar alewa.

Ka nemi man kashe fangas, clotrimazole mai kashi 1 cikin 100, shi kaɗai ba haɗi. Shafa kaɗan safe da dare, mako 2 zuwa 4, kada ka daina don kawai ƙaiƙayi ya tafi. Da rana, kafin ka hau mashin, ɗora man zinc oxide, irin wanda ake shafa wa jarirai in kunzugu ya ci musu fata, ya tsare wurin daga gumi.

Amma maganin da ya fi duka ba a kemis yake ba. Bayan tsarki, mukan ajiye buta mu ja wando a kan danshi, sau da dama a wuni. Ware ƙaramin tawul mai laushi na wurin kaɗai, ka riƙa danna shi a wurin a hankali ya tsane, ban da gogewa. Gajeren wando ya zama na auduga, ka canza in ya jiƙe. Dettol da sabulu mai ƙamshi su bar wurin.

In mako 2 ya wuce ba sauƙi, ko ka ga mugunya, ko ɗan rami a saman tsagar mai fitar da ruwa, je asibiti. In kuma yana yawan dawowa, a auna maka suga.

Tambaya: Ni kuma in na yi bayan gida sai in ji kamar an yanka ni da reza, har da ɗigon jini. Man nan zai yi mini? Daga wata uwa mai jego.

Amsa: A'a, 'yar'uwa, naki daban ne. Alama ce ta tsagewar bakin dubura, kuma taurin bayan gida ke jawo ta, abin da ya zama ruwan dare ga masu jego. Sha ruwa sosai, ki yawaita zogale, alayyahu, wake da gwanda, ki daina yunƙuri da ƙarfi. Zauna cikin ruwan ɗumi, ba mai ƙuna ba, minti 10 zuwa 15, sau 2 ko 3 a rana. Tunda akwai jini kuma kina shayarwa, bari likita ko ungozomar asibiti ta duba ki kafin ki sayi komai.