Muryar Kawu a guruf ɗin gida: tseren tsofaffin motoci da maganar 504 ɗin marigayi

Assalamu alaikum jama'ar gida. To ɗana, na saurari muryarka, inda kake cewa ka ga bidiyon Turawa suna tsere da motocin zamanin kakanninsu, kana tambaya wai wannan ba rashin aikin yi ba ne, tunda motar bana za ta bar su a baya. Ni dai na san inda ka dosa. Maganar Peugeot 504 ɗin marigayi Yaya kake kewayawa, wadda 'yan gwangwan suka zo suka taya. To saurara.

Mutanen nan ba gudu ne ya dame su ba. Da yawansu ma tsere ba sana'arsu ba ce. Mutum yana da aikinsa, ƙarshen mako ya shiga gareji ya kwanta ƙarƙashin mota, hannu duk baƙin mai, yana daidaita kafireta da kunne. Ka ɗauki Goodwood da ke kudancin Ingila. Filin tsere ne da aka yi amfani da shi daga 1948 zuwa 1966, aka daina, sai a 1998 aka farfaɗo da shi. Duk watan Satumba ake taruwa da motocin wancan zamanin, har 'yan kallo tufafin lokacin suke sawa. Ko Mille Miglia ta Italiya, daga Brescia zuwa Roma a dawo, mil dubu. An yi ta daga 1927 zuwa 1957, aka dakatar bayan wani hatsari da ya ci 'yan kallo har da yara. Da aka dawo da ita a 1977, ba wanda ya riga isa ke ci ba. Lokaci ake yanka maka, ka isa daidai, kada ka riga kada ka makara, na kusa da kai yana riƙe da agogo yana ƙirga maka daƙiƙa. Wannan natsuwa yake so, ba irin wasan motar da yara ke yi a titi ranar ɗaurin aure suna tayar wa jama'a hankali ba.

Kuma abin da ya fi komai daraja a wurinsu shi ne motar ta kasance yadda aka ƙera ta. Hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, har wani fasfo take ba tsohuwar mota, bayan an duba injin da giya da birki an tabbatar irin na zamaninta ne. Abin da ake ƙarawa shi ne na tsare rai: ƙarafan kariya a cikin bodi, bel mai ƙarfi, tukunyar kashe gobara, direba kuma da hular kwano da rigar da wuta ba ta saurin ci.

Shi ya sa har yau raina ke ɓaci in na tuna abin da wani bakanike ya yi wa tawa 504 ɗin. Lagireto ne kawai ke yoyo, tana zafi. Na bar masa ita na yi tafiya. Kafin in dawo ya sauke injin gaba ɗaya, ya ɗora na wata motar Japan, ya yanke ƙarfen da injin ke zama a kai ya yi masa walda, wai ya yi mini gata, za ta rage shan mai. Na ce ina injina? Wai ya sayar, an cike kuɗin. Kafireta ma ta bi. Lagireto fa! Abin da mai dalma zai toshe kafin azahar. Tun daga ranar kukan motar ya canza, giya ba ta ƙara shiga da daɗi ba, kuma ban ƙara... kai, a bar maganar.

Abin da nake so ka sani, motar Yaya da ke ƙarƙashin darbejiyar nan ba ƙarfen awo ba ce. 504 ce ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975, Ove Andersson ɗan Suwidin ke tuƙi, a shekarar da aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna. Ta sake ci a 1978 da Jean-Pierre Nicolas, ko da yake tsaya, ta 1978 ɗin mai ƙofa biyu ce mai silinda shida, ba irin tamu ba. Ta 1975 ce mai ƙofa huɗu kamar ta Yaya. Kuma tun 2003 ake yin wata Safarin ta tsofaffin motoci zalla a can Kenya, cikin ƙura da taɓo.

Ban ce gobe ka loda ta zuwa Nairobi ba, wannan kuɗi ne masu yawa. Amma ta Yaya injinta na asali ne, ba wanda ya taɓa sauke shi. Kada ka karɓi ko kwabo daga 'yan gwangwan, kuma kada wani ya ɗora batir ya ce zai tayar da ita haka nan. Sai an zubar da tsohon man tanki, an cire fulogi, an ɗiga baƙin mai cikin silinda ya kwana, sannan a juya injin da hannu a ji ko ya kama. Ranar Asabar ina tafe bayan la'asar, ka nemo makullin wurin Hajiya.