Tsadar rayuwa ta mayar da ni marowaciya

Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya.

Ni matar aure ce a Zariya, 'ya'yana huɗu. Ina koyarwa a wata makarantar kuɗi, maigidana kuma yana jan Keke Napep. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 gidanmu bai sake komawa daidai ba. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 a 2024, abin da ya samo rabi a gidan mai yake ƙarewa, saura ya kai wa mai keke balas. Ni kuwa albashina bai kai naira 70,000 ɗin da aka ce shi ne mafi ƙarancin albashi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne halina da ya sauya. A da ana ciyayya da ni, kwanona ba ya kwana bai shiga maƙwabta ba. Yanzu in na ɗora tukunya sai na saka sakata. Akwai maƙwabciyata da mijinta ya rasu, in yaranta suka shigo lokacin cin abinci sai in ji raina ya ɓaci, har ɓoye kwano nake yi. Da daddare in ɗauki waya, ba abin da nake gani sai garkuwa da mutane da tashin farashi, barci ya gagare ni. Ji nake kamar alheri ya ƙare a ƙasar nan, har a zuciyata. Anti, yaya zan yi?

Maman Yara, Zariya

Wa alaikumus salam ƙanwata.

Marowacin gaske ba ya rasa barci don ya ɓoye kwano, munshari ma yake yi. Ke tsoro ne ya kama ki, tsoron kada naki su kwana da yunwa, kuma tsoron yana da dalili. Ciyar da 'ya'yanki shi ne kan gaba, kada wani mai wa'azin fatar baki ya sa ki ɗauki tuwon bakinsu ki bayar don a ce kina da kirki.

Sai dai ina ganin sakatar nan ita ke cin ki fiye da farashin masara. Duk ranar da kika rufe ƙofa, kina gaya wa kanki cewa ba ki da komai, kuma ba ki iya komai. Wayar da kike dubawa da dare ma abin da take gaya miki ke nan. Ba ke za ki sauko da farashin mai ba, ba ke za ki kori 'yan bindiga daga dajin Birnin Gwari ba. Abin da ke hannunki ƙarami ne, amma in kin yi shi za ki gani da idonki cewa wani ya ji daɗi ta dalilinki, kuma wannan yana rage ƙunci ƙwarai.

Annabi (SAW) ya ce wa Abu Zarr in ya dafa romo ya yawaita ruwansa ya tuna da maƙwabta. Ruwa aka ce ya ƙara, abin da ko talaka yana da shi. A wani hadisin kuma an ce mu kare kanmu daga wuta ko da tsagin dabino ne.

Saboda haka ki yanke wa kanki abin da ba zai girgiza gidan ba. Ludayi ɗaya na miyar kuka, ko kofin koko da safe, ko kwano ɗaya duk ranar Juma'a. Ki aika da shi tun kafin yaran su shigo. Wanda ya aika da kansa daban yake ji da wanda aka tsare da ido yana ci. Ranar da babu, ki faɗa wa uwarsu kai tsaye, “Yau kam sai haƙuri.” Mace mai riƙe da marayu ta fi ki sanin babu, ba za ta ƙullace ki ba.

Kuma kin manta ke malama ce. Kuɗin lesin ya gagari iyaye da yawa yanzu. Ki shimfiɗa tabarma bayan la'asar, ki haɗa yaranta da naki ki duba musu aikin gida. Wannan ko sisi ba zai ci miki ba. Abu ɗaya zan ja kunnenki a kai: kada ki bari gori ya shigo, ko da wasa, ko a bakin 'ya'yanki. Aya ta 264 a Suratul Baƙara ta hana ɓata sadaka da gori da cutarwa, kuma yara sun iya yaɗa magana a layi.

Ki sanar da maigidan kafin ki fara, kada ya dawo a gajiye ya ga kwano na fita ya ɗauka almubazzaranci ne. Wayar kuma ki ajiye ta bayan isha'i, labarai na safe a rediyo sun ishe ki. In rashin barcin ya ci gaba makonni, ko kika daina jin daɗin komai, ki je asibiti ki faɗa wa likita yadda kika faɗa mini, don ciwon damuwa yana da magani.

Allah Ya buɗa muku, Ya raya zuri'a. Ki sake rubuto mini in ji yadda kuka yi da maƙwabciyar.

Anti