Kifin da ke korar 'yan'uwansa a akwatin gilashi

Ɗan'uwa, ka ce kifinka sikilid mai ruwan shuɗi ya hana sauran huɗun sakat, har ya yayyage musu wutsiya. Ba ciwo ba ne, gida yake karewa. Dangin karfasa ne, irin wadda masunta ke kamawa a Kogin Kaduna, kuma namijinta ma haka yake: ya haƙa rami a yashi, ya kasa ya tsare. Na Tafkin Malawi da ake kira mbuna sun fi jaraba, domin a can kowane namiji da dutsensa.

Ka fitar da shi, ka sauya wa duwatsun wuri gaba ɗaya, ka ƙara wuraren ɓuya yadda ba za su riƙa hangen juna ba, sannan ka mai da shi. Zai dawo a baƙo. Ka riƙa ajiye namiji ɗaya da mata uku ko huɗu. Maza biyu masu launi ɗaya kuwa sai an raba. Akwatin kuma ya kamata ya kai tsawon ƙafa 4.

Wasu za su ce ka cika akwatin da kifi don faɗan ya rarrabu. Yana aiki, amma da yadda ake ɗauke wuta a garin nan, matatar ruwa na tsayawa sai asara. In ba ka da sola, ni dai ban ba ka shawara ba.