Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Aikin Gyara Gani da Leza, Wa Ya Dace Ya Yi?

Tambayoyin wannan karon yawancinsu a kan aikin ido da hasken leza suka zo, wanda ake yi don mutum ya rabu da tabarau. Ga amsoshin waɗanda suka fi yawaita.

Likita, wai gaskiya ne ana ciro ido a gyara shi sannan a mayar? Daga wani mai karatu a Gusau.

Malam, ba a ciro ido, kuma babu wani aikin ido a duniya da ake yi ta haka. A saman baƙin ido akwai wani murfi garai-garai da ake kira koniya, shi ne haske ke fara ratsawa. Kaurinsa bai wuce rabin milimita da ɗan ɗoriya ba, kimanin maikuron 540 (maikuron dubu ne ke yin milimita ɗaya). Leza tana kankare ɗan abu daga wannan murfin ne ta canza masa lanƙwasa, sai haske ya riƙa sauka daidai a bayan ido.

Hanyoyi uku aka fi sani. A LASIK ana ɗaga siririn ɓawo daga saman koniya, a yi aiki a ƙarƙashinsa, a mayar da shi ya kwanta. A PRK ba a ɗaga komai, fatar saman ake gogewa, ita kuma ta sake tsirowa cikin kwana uku zuwa biyar. A SMILE leza ce ke yanka ɗan faifai a cikin koniyar, a zaro shi ta wata ƙaramar kafa mai milimita biyu zuwa huɗu. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da PRK tun 1995, SMILE kuma a 2016.

Akwai zafi? Ana sa mutum barci? Daga wata malamar makaranta a Katsina.

Malama, ba a sa barci, maganin kashe zafi ake ɗigawa. Lezar kanta ba ta kai minti ɗaya a kowane ido. Bayan LASIK za ki ji raɗaɗi da hawaye na 'yan sa'o'i. PRK kuwa tana da ciwo sosai na kwana biyu zuwa uku.

Shekarata 20, ina karatu a Zariya. Tun ina yaro idona ke ƙaiƙayi, ina yawan murza shi, musamman da hunturu. Cikin shekara biyu an canza mini tabarau sau uku, kowane lokaci lambar na ƙaruwa, kuma ko da sabon ba na gani tas. A gida an ce tabarau ne ke cinye mini ido, na ajiye shi. Akwai wani maganin ɗigawa da nake saya a kemis, yana kwantar da ƙaiƙayin nan take. Ina tara kuɗi in yi leza in huta.

Ɗana, a duk wasiƙun nan taka ce ta fi tayar mini da hankali. Ka daure ka karanta har ƙarshe.

Da farko, kada ka bari kowa ya sa maka leza yanzu, ko da kyauta ne. Sharaɗin farko shi ne mutum ya kai shekara 18 kuma lambar tabaraunsa ta tsaya cak na aƙalla shekara guda. Taka tana tafiya. Idan aka gyara ido bisa lambar yau, baɗi ta wuce wurin.

Amma ba wannan ne babban abin da nake tsoro ba. Ƙaiƙayi tun yarinta, yawan murza ido, lamba mai hauhawa, da tabarau da ba ya gamsarwa, idan suka haɗu a matashi, dole a binciki wata cuta mai suna keratokonas. A cikinta koniya ke yin siriri ta yi rauni, ta fara turowa gaba ta yi tsini. Murza ido na daga cikin abubuwan da ke ƙara ta, irin murzawar nan da ake yi da gaɓar yatsa ko bayan hannu har ido ya yi ja. Ƙaiƙayin ido na yara kuwa ya yi yawa a ƙasarmu mai zafi da ƙura. Shi ne za ka ga farin idon yaro ya koma ruwan ƙasa, iyaye su ɗauka haka Allah Ya yi shi.

Ga lissafin da likita ke yi kafin ya taɓa ido. Kowace lamba ɗaya da za a gyara tana cin kimanin maikuron 12 zuwa 15 na koniya. Mai lamba -6.00 za a kankare masa wajen 85. Ɓawon da ake ɗagawa a LASIK wajen 110 ne, kuma shi ba ya ƙara wa ido ƙarfi bayan an mayar da shi. Idan koniyar 540 ce, saura 345, ba laifi. Idan 480 ce, saura 285, alhali yawancin likitoci ba sa son ya gaza 300. To ina ga koniyar da ita kanta tana sirancewa? Kamar ka ɗauki ƙwaryar da ta riga ta yi siriri ka ƙara kankare ta ne. Bayan watanni ko shekaru sai ta kumburo, gani ya lalace fiye da da, wani ma sai an yi masa dashen koniya. A sani kuma, bincike ya nuna koniyar baƙar fata a matsakaici ta ɗan fi ta Turawa siranta, don haka mu ne muka fi bukatar a auna mu da kyau.

Abin da kake bukata shi ne hoton taswirar koniya, wanda ke nuna lanƙwasarta da kaurinta wuri-wuri. Gwajin karanta haruffa a bango ba ya gano wannan cuta da wuri. Kana kusa da Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, ka je can ko asibitin koyarwa, ka faɗa wa likitan ido duk abin da ka rubuto mini. Idan ita ce, akwai aikin da ake yi da sinadarin ribofilabin da wani irin haske don ƙarfafa koniyar. Yana tsayar da cutar inda take, ba ya dawo da abin da ya tafi, shi ya sa jinkiri ke da tsada.

Maganar tabarau na cinye ido kuwa, ina roƙon iyaye su bar ta. Tabarau ba ya taɓa ido, haske kawai yake daidaitawa kafin ya shiga. Lambar yaro na ƙaruwa ne saboda idonsa na girma, ko saboda wata cuta, da tabarau ko babu. Abin da ke ruɗin mutane shi ne wanda ya saba gani tas, in ya cire sai ya ga dishi-dishin da a da bai san yana ciki ba. Yara nawa ne ke zaune a aji ba sa ganin allo, ana ce musu daƙiƙai, saboda wannan zance? Ƙaramin yaro da aka hana tabarau yana iya tashi da ido ɗaya rago har abada. Ka mayar da naka yau.

Sai maganin kemis. Ɗauko kwalbar ka duba jikinta. Idan ka ga dexamethasone, betamethasone ko prednisolone, to sitiroyid kake ɗigawa, wato magani mai ƙarfi na kwantar da kumburi. Yana kwantar da ƙaiƙayi, gaskiya ne, amma a wasu mutane cikin 'yan makonni yake ɗaga matsin cikin ido ba tare da ciwo ba, ya kashe jijiyar gani. Wannan ita ce gilakoma, wadda ake kira hawan jinin ido, kuma abin da ta ɗauke ba ya dawowa. Yana kuma kawo yanar ido tun mutum na matashi. Abin takaici ne a ce ana miƙa wannan magani a kan kanta kamar alawa. Tafi da kwalbar wurin likita a auna matsin idonka, ya tsara maka yadda za ka bar shi, ya rubuta maka maganin ƙaiƙayi marar haɗari. Kafin nan, in ƙaiƙayi ya taso, jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan sanyi ka ɗora a kan idon a rufe. Kada ka murza. Ka je a cikin makon nan, kada ka jira hutu.

Shekarata 47, ina ganin nesa lafiya, amma karatun Alƙur'ani da waya sai na nisanta. Leza za ta yi mini? Daga wani ɗan kasuwa a Kano.

Alhaji, wannan na shekaru ne. Bayan arba'in gilashin halitta da ke cikin ido yana yin tauri, ba ya iya daidaita kansa ga abu na kusa, leza kuwa a koniya take aiki. Akwai dabarar barin ido ɗaya don nesa ɗaya don kusa, amma ba kowa ke jure ta ba. Tabaraun karatu ya fi maka sauƙi. Ka je a auna ka, a haɗa da matsin ido, domin a wannan shekarun gilakoma ke shigowa shiru.

Mahaifina yana da yanar ido. Wasu sun ce a kai shi leza, wasu sun ce akwai mai maganin gargajiya da ke kwantar da yanar da tsinke a gida. Daga wata mai karatu a Maraɗi.

Hajiya, don Allah kada a bari mai tsinken nan ya kusanci Baba. Abin da yake yi shi ne ya soka ƙarfe ya tura yanar ta faɗa cikin ido. Mutum zai ga haske na ɗan lokaci, a yi murna a biya shi, ya bar garin. Daga baya kumburi, ƙwayar cuta ko gilakoma su biyo, kuma sau da yawa idon da za a iya ceto shi da aiki na ƙasa da awa ɗaya ya tafi ke nan. Haka masu zuba fitsari, ruwan albasa, ruwan sukari ko nonon uwa a ido. Ina mamakin yadda mutum ba zai zuba wa injin babur ɗinsa abin da bai sani ba, amma ya zuba wa idonsa.

Lezar gyara gani ba ta cire yana. Aikin yana daban ne: ana cire gilashin da ya yi fari a sa na roba a madadinsa, kuma ana yin sa a asibitocin ido na yankinmu. Ku kai shi asibiti.

Ina da ciki wata biyar, zan iya yi?

A'a. Ciki da shayarwa suna canza lambar ido. Ki bari sai kin yaye, a sake auna ki bayan 'yan watanni. In kuwa ganinki ya canza kwatsam da ciwon kai ko kumburin ƙafa, ki tafi asibiti a ranar a auna hawan jini.

Ina da ciwon sukari.

In sukarin bai daidaita ba, ba a yi, domin lamba na yawo kuma rauni ba ya saurin warkewa. Abin da ya fi muhimmanci a gare ka shi ne duba bayan ido duk shekara. Lezar da ake yi wa masu sukari a bayan ido wata ce daban, in likita ya ce a yi ta, kada ka ƙi.

Ni direba ne, shekarata 31, lambata -4.00 ba ta canza ba shekara huɗu. Ina shirin zuwa Indiya ko Masar in yi. Me zan lura da shi? Ana makancewa?

Malam, a takarda ka dace, amma gwaji ne zai yanke hukunci. Mafi yawan masu irin lambarka suna samun ganin da za su yi harkokinsu ba tabarau, makanta kuwa abu ne mai wuyar faruwa ƙwarai. Sai dai akwai abubuwa biyu da suka shafi sana'arka. Ɗaya bushewar ido, ita ce matsalar da ta fi yawa, domin aikin yana yanke ƙananan jijiyoyin koniya. Yawanci tana sauƙi cikin wata shida zuwa shekara, a wasu kaɗan tana zama. Iskar mota da hazon hunturu za su ƙara ta. Na biyu, ganin da'ira ko tartsatsi kewaye da fitilun mota da dare. Ka faɗa wa likitan cewa tuƙin dare kake yi.

Kafin ka biya ko sisi, a yi maka taswirar koniya, a auna kaurinta, matsin ido, yawan hawaye, faɗin ɗan tsakiyar ido a duhu, sannan a ɗiga maganin buɗe ido a duba bayansa. In kana sa gilashin da ake liƙawa a ido, ka cire mai laushi mako ɗaya zuwa biyu kafin gwajin, mai tauri aƙalla mako uku zuwa huɗu. Ka tambayi likitan kauri nawa zai rage, kuma wa zai ɗauki nauyi in ana bukatar ƙarin gyara. Wurin da aka duba ka minti biyar aka ce kwanta, tashi ka fita.

Kada ka yanki tikitin dawowa washegari. Ana duba ido kwana ɗaya bayan aiki, sannan bayan mako, wata ɗaya, da wata uku. Ka tsaya aƙalla mako guda, ka kuma samu likitan ido a gida da zai ci gaba da duba ka tun kafin ka tafi. Makon farko kada ruwa ya shiga idon, don haka ka yi alwala da ido a rufe cikin kula. Ka kwana da murfin kariya, ka guji hayaƙin itace da ƙura, ba tozali, ba ninƙaya sai likita ya ba da izini. Idan ciwo ya ƙaru maimakon raguwa, ko gani ya ragu, ko ido ya yi ja da kwantsa, a ranar za ka je asibiti, ba gobe ba.

Ka karɓi takardun da ke ɗauke da lambarka da ma'aunin koniyarka na kafin aiki, ka adana su. Bayan leza, na'urar auna matsin ido tana nuna ƙasa da gaskiya, gilakoma na iya ɓuya, kuma ranar da yana ta zo likita zai bukaci waɗannan lambobi wajen zaɓar gilashin da zai sa maka. Idan ka haura arba'in za ka nemi tabaraun karatu kamar kowa. Leza kuma ba ta rage haɗarin ɓallewar fatar bayan ido da masu rashin ganin nesa ke da shi, saboda haka in ka ga walƙiya, ko baƙaƙen ɗigo masu yawa sun bayyana kwatsam, ko wani labule ya rufe gefen ganinka, ka nemi likitan ido nan take.