Amsa ga mai shirin shiga hanyar duwatsu da keken tsere

Ɗan'uwa, ka ce kana cin kilomita 80 a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa cikin awa uku, yanzu kuma kana son yin irin wannan nisan a karkara mai tuddai da duwatsu. Ka tambayi yadda ake zaɓen hanya, da ko kekenka mai farantin giya biyu masu haƙora 53 da 39 a gaba, da giyoyi masu haƙora 11 zuwa 25 a baya, zai ɗauke ka.

Abu na farko, ka ajiye lissafin kilomita. A cikin duwatsu hawa ake ƙirgawa, wato jimillar mitocin da za ka tashi sama daga farkon hanya zuwa ƙarshenta. Ka raba wannan jimilla da tsawon hanyar. Idan ta ba ka mita 10 a kowace kilomita, hanya ce ta hau-sauka, za ka ji ta a cinya amma ba za ta karya ka ba. Idan ta kai mita 20, to ka shiga duwatsu sosai. Ɗauki hanyar kilomita 80 mai hawan mita 1,600. Mahayin da ba gwani ba, amma yana da ƙwari, yakan tashi mita 500 zuwa 700 a awa ɗaya. Ke nan hawan kaɗai zai cinye maka wajen awa biyu da minti arba'in. Ƙara minti arba'in da biyar na gangara, da awa ɗaya da 'yan kai na wuraren da ke shimfiɗe, da tsayuwar shan ruwa da cin abinci, sai ka ga awa ukun nan taka ta koma biyar ko fiye. Saboda haka shawarata, fitar farko kada ta wuce kilomita 50 da hawan mita 800.

Sai tsinin hawan. Kashi 10 cikin ɗari na nufin hanya tana tashi mita 100 a cikin kilomita guda. Kashi 4 zuwa 6 ana hawansa a zaune ana hira. Daga 8 magana takan fara yankewa, daga 12 kuwa sai mai giya mai sauƙi. Abin da ke yaudarar mutane shi ne matsakaicin adadi. Dubi hawan Alpe d'Huez da ke Faransa, wanda gasar Tour de France ta yi wa suna: kilomita 13.8, lanƙwasar hanya 21, matsakaicin tsini kashi 8.1, amma kilomitocin farko suna taɓa kashi 10, a nan ne masu zumuɗi ke ƙone ƙarfinsu tun ba a je ko'ina ba. Hawan da aka rubuta masa kashi 5 yana iya ɓoye mita ɗari biyar na kashi 14 a tsakiya, domin wata 'yar gangara ta rage lissafin. Don haka idan ka zana hanya a manhajar taswira irin Komoot ko Strava ko Ride with GPS, ka buɗe zanen hawa da saukarta ka bi shi kilomita bayan kilomita. Ka kuma duba irin shimfiɗar, domin manhajojin nan sukan jefa mutum hanyar burji ko ta shanu don kawai ta fi gajarta. Ka sauke taswirar cikin wayarka tun kana gida, a cikin kwari sabis yakan ɗauke.

Wajen tsara zagayen, ka sa babban hawa a rabin farko, lokacin da ƙafa ke da sauran ƙarfi kuma rana ba ta take ba. A ƙasashe masu manyan duwatsu hadari ya fi haɗuwa bayan azahar a lokacin zafi, ka yi ƙoƙari ka bar ƙololuwa kafin nan. Idan ɓangare ɗaya na dutsen kwaltarsa ta farfashe ɗayan kuma sumul, ka hau ta mai ramuka ka sauko ta mai kyau, domin rami a gudun kilomita 9 ba komai ba ne, a gudun 55 kuwa asibiti ne. Ka nemi wata hanya da za ta yanke zagayen idan jiki ya ƙi, kuma ka san ƙauyen ƙarshe da za ka cika gora kafin dogon hawa.

Yanzu batun kekenka. Gaskiya giyarka ba ta dace ba, kuma a nan nake son ka fi ba ni hankalinka. Tayar keken tsere tana cin kusan mita 2.1 a juyi ɗaya. Giyarka mafi sauƙi ita ce 39 a gaba da 25 a baya, kowane juyin feda yana tura ka kusan mita 3.3. A hawan da gudunka ya sauko kilomita 9 a awa, ƙafarka za ta riƙa juyawa sau 45 kacal a minti. Wannan niƙa ce, gwiwa ce ke ɗaukar nauyin, cinya kuma ta cika tun rabin hanya, sai ka fara karkacewa dama da hagu a kan titi, abin da ke da haɗari inda mota ke iya ɓullowa daga kwana. Da faranti 34 a gaba da haƙora 34 a baya, juyin feda ɗaya juyin taya ɗaya ne, a wannan gudun ƙafa za ta yi sau 70 a minti, numfashi ya daidaita. Abin nema shi ne 50/34 a gaba da 11-32 ko 11-34 a baya. Idan ba za ka iya canza duka biyun ba, fara da na baya. Amma ka sa makaniki ya duba ko abin canja giya na baya zai ɗauki haƙora 32, domin mai gajeren hannu yawanci ba ya kaiwa nan, kuma dole a sa sarƙa mafi tsawo. Idan sarƙar ta gajarce ka haɗa babban faranti na gaba da babbar giya ta baya bisa kuskure, tana iya fizge abin canja giyar gaba ɗaya. Kada ka ji kunyar giya mai sauƙi, ƙwararrun 'yan tsere ma suna sa ta a ranar hawa mai tsini.

A kan hawan, ka fara da gudun da za ka iya furta jimla guda ba tare da haki ba. Ka canja giya kafin feda ta yi nauyi, kana ɗan sassauta ƙafa lokacin canjin. Ka riƙa miƙewa tsaye na daƙiƙa ashirin lokaci zuwa lokaci don baya ya huta. Ruwa rabin lita zuwa kashi uku cikin huɗu na lita a awa, abincin da zai ba ka sitaci ko sukari giram 30 zuwa 60 a awa, kuma ka fara ci tun awar farko. Wanda ya jira yunwa, ƙafa za ta mutu masa a tsakiyar dutse.

Gangara ce ta fi jikkata mutane. Kada ka danne birki ka riƙe tun daga sama har ƙasa. Mai birkin roba, rim, wato da'irar ƙarfen da taya ke zaune a kai, zai yi zafi har tiyub ya iya fashewa. Mai birkin faifai, zafi zai sa ya daina kamawa. Ka matsa da ƙarfi na 'yan daƙiƙu, ka saki ya sha iska, ka sake. Birkin gaba ne ke yin mafi yawan aikin, sai ka ja jikinka baya a kan sirdi, hannuwa a ƙasan lanƙwasar kan keken inda yatsu suka fi kama birki. Ka gama rage gudu kafin kwana, fedar da ke waje tana ƙasa kana danna ta, idonka yana inda za ka fita. Kada ka tsallaka hannun masu tahowa a kwanar da ba ka ganin bayanta. A hanyar karkara tsakuwa da yashi sukan taru daidai cikin kwana bayan ruwan sama, ga dabbobi, ga motar gona da ta cika titi.

Sanyi ma yana jiranka a can. Zafin iska yana raguwa da wajen digiri 6.5 na Celsius a kowace mita 1,000 da ka hau, ga rigarka sharkaf da gumi, ga iskar gudu. Yatsun da suka ƙage ba sa jan birki, don haka ka sa 'yar rigar tare iska da safar hannu a aljihun baya, ka sa su a ƙololuwa kafin ka fara sauka.

Taya mai faɗin milimita 28 ta fi 23 riƙe ƙasa a kwaltar da ta lalace, in firam ɗinka zai karɓe ta. Mai nauyin kilo 70 zuwa 75, iskar taya psi 65 zuwa 75 a ma'aunin famfo ta ishe shi. Ka ɗauki tiyub biyu, faci, famfo, abin ɓare taya, ƙaramin makullin alanki, mahaɗin sarƙa da fitilar baya, hular kwano kuma tana kanka. Daren tafiya ka duba robar birki, idan layukan da ke jikinta sun shafe ka canja ta, sannan ka faɗa wa wani hanyar da za ka bi da lokacin da ya kamata ka dawo.