Yaya Ake Sake Gina Jirgin da Babu Zanensa?

Tambaya: Na ga hoton wani jirgin ruwa na katako a Ostiraliya mai suna Duyfken, aka ce kwafin jirgin 'yan Holan ne na shekaru 400 da suka wuce. Tun da na ainihin ya lalace tuntuni, ta yaya magina suka san kamanninsa? Ko dai ƙiyasi ne kawai?

Amsa: Malam mai tambaya, akwai ƙiyasi a cikin aikin, amma ƙiyasi ne mai madogara, kuma kafin a gane haka sai an san jirgin. Duyfken, wato ƙaramar kurciya a harshen Holan, ƙaramin jirgi ne da tsawonsa bai wuce mita 20 da 'yan kai ba, mallakar VOC, kamfanin kasuwanci na 'yan Holan da aka kafa a 1602 domin fataucin kanumfari da gyaɗar ƙamshi daga tsibiran da yanzu suke cikin Indunusiya. A farkon 1606, ƙarƙashin jagorancin Willem Janszoon, ya isa gaɓar yammacin yankin Cape York da ke arewacin Ostiraliya, kuma wannan ce saukar Turawa ta farko a Ostiraliya da tarihi ya rubuta, ko da yake Janszoon ya ɗauka har yanzu a gaɓar New Guinea yake. A 1608 jirgin ya lalace a tsibirin Ternate na Indunusiya har ya wuce gyara.

Zanen gininsa kuwa ba ɓata ya yi ba, da alama ba a taɓa yin sa ba, domin kafintocin jiragen Holan na wancan zamani ba da zane suke aiki ba. Abin da ake rubutawa shi ne yarjejeniya tsakanin mai jirgi da magini, mai ɗauke da tsawo da faɗi da zurfi da kaurin katako, sauran kuma yana cikin kan maigidan aikin da ƙa'idojin awo da ya gada. Saboda haka masu sake ginawa suka koma ga irin waɗannan yarjejeniyoyi, da 'yan ƙananan hotunan jirgin da aka zana da hannu a lokacinsa, da littattafan tafiya da ke nuna saurinsa, da kuma littafin da Nicolaes Witsen ya wallafa a 1671 kan ginin jirage.

Shaida mafi ƙarfi daga ƙarƙashin teku ta fito. Jirgin Batavia na kamfanin VOC ya yi karo da duwatsu a tsibiran Houtman Abrolhos da ke yammacin Ostiraliya ranar 4 ga Yuni 1629, aka gano ragowarsa a 1963, kuma wani ɓangare na jikinsa yana gidan tarihi a birnin Fremantle na yammacin Ostiraliya. A jikin allunansa akwai ƙananan ramukan ƙusa da aka toshe da 'yan guntayen itace, kuma su ne suka tabbatar da abin da Witsen ya bayyana: bayan an shimfiɗa ƙashin bayan jirgi, wato dogon katakon da ke can ƙasansa, sai a fara jera allunan ƙasansa gefe da gefe, a riƙe su da katakan wucin gadi, sannan a sassaƙa haƙarƙarin ciki daidai da siffar da allunan suka bayar, a cire katakan, a toshe ramukan. Maginin yau akasin haka yake yi, haƙarƙari tukuna sannan alluna.

Da wannan tsohuwar hanya aka gina sabon Duyfken a Fremantle daga 1997, aka saka shi a ruwa a Janairun 1999. An kawo katakon daga Latbiya, ana gasa kowane allo a kan wuta har ya yi laushi ya lanƙwasu, a ɗora shi da zafinsa, magini yana duba layinsa da ido. A ganina nan darajar aikin take, domin idan kayan da hanyar da ma'aunin duk irin na da ne, siffar da za ta fito ba za ta yi nisa da ta asali ba, ko da ba za ta zo daidai da ita allo da allo ba.

Sai kuma gwajin teku. A 2000 jirgin ya je tsibiran Banda na Indunusiya ya biyo sawun tafiyar 1606 zuwa Cape York, sannan ya taso daga Sydney a 2001 ya isa Holan a 2002, shekarar da kamfanin VOC ya cika shekara 400 da kafuwa. Matuƙinsa yana juya shi ne da doguwar sanda a tsaye, kamar yadda ake yi kafin a ƙirƙiro sitiyarin jirgi mai zagaye. Akwai dai abin da ba na da ba a cikinsa, wato injuna da na'urorin sadarwa da kayan ceton rai, waɗanda dokar sufurin teku ta yau ta wajabta. Yanzu yana hannun gidan tarihin harkokin teku na ƙasa da ke Sydney.